Daga Dutse Zuwa Hubbare: Tarihin Ziyarar Neman Albarka a Arewacin Zamfara

Bahaushe yana da kalmomi biyu waɗanda ba ya so a gama su a zance guda, watau "tsafi" da "ziyara". Tsafi a wurinsa aikin Maguzawa ne, ana yinsa a gindin tsamiya ko a kogon dutse, da jini da giya. Ziyara kuwa aikin Musulmi ce, ana yinta da alwalla da Fatiha a gaban kabarin wani bawan Allah. Ta fuskar addini bambancin a fili yake, kuma malamai sun riga sun yi bayaninsa. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne tarihin tafiyar ita kanta, watau mutum ya bar gidansa, ya ɗaura guzuri da ɗan abin sadaka, ya nufi wani wuri takamaimai domin ya ji an ce buƙata irin tasa can ake kai ta. Ra'ayina shi ne a ƙasar Hausa wuraren da ake zuwa sun sake, wanda ake roƙo ma ya sake, amma buƙatun da matafiyin ke ɗauke da su suna nan kamar yadda kakanninsa suka bar su. Yankinmu na arewacin Zamfara kuwa ya isa shaida. Mutumin Ɗan Isa, a ƙasar Ƙauran Namoda, in ya nufi Zurmi zai tarar da kushewar sarakunan Zamfara na farko, in ya nufi Shinkafi zai tarar da kabarin ɗan Shehu Mujaddadi, in kuma ya yi wajen Gusau ga dutsen Kwatarkwashi nan tsaye.

Kafin mu shiga gida bari mu leƙa nesa tukuna, domin akwai ƙasar da wannan al'ada ta zauna da tsarinta har kowa na iya ganin yadda take aiki. Ƙasar Japan nake nufi. Addininsu na gargajiya sunansa Shinto, kuma yana da ɗakunan bauta wajen 80,000, kowanne da abin bautarsa da suke kira kami. Abin lura shi ne manyan ɗakunan nan sun raba aiki a tsakaninsu. Ɗan kasuwa da manomin shinkafa suna zuwa Fushimi Inari a birnin Kiyoto, wanda aka kafa a shekarar 711, inda attajirai suka jera dubban jajayen ƙofofi a kan hanyar hawa dutse, kowace ƙofa da sunan wanda ya biya kuɗinta. Mai neman aure yana zuwa Izumo. Mace mai juna biyu tana zuwa Suitengu a Tokiyo don neman sauka lafiya. Mai ziyara yakan wanke hannu da baki a bakin ƙofa, ya jefa kuɗi a akwati, ya rusuna, ya tafa hannu, sa'an nan ya rubuta buƙatarsa a ɗan allon katako ya rataye, ya sayi laya ya tafi gida. Wanda ya taɓa ganin allo da laya a ƙasarmu ba zai rasa yin murmushi ba.

Akwai ɗaya daga cikinsu da ya kamata mu ɗalibai mu san labarinsa. Wani malami ne kuma bafade, Sugawara Micizane, wanda abokan hamayya suka yi wa ƙulli a fada aka kore shi zuwa Dazaifu, can kudu, a shekarar 901. A can ya mutu cikin baƙin ciki a 903. Bayan mutuwarsa annoba da mace-mace suka auka wa fada, har tsawa ta faɗa wa gidan sarki a 930, aka ce fushin malamin ne. Sai aka mayar masa da muƙamansa yana kushewa, aka gina ɗakin bauta a kan kabarinsa, aka gina wani a Kitano ta Kiyoto a 947. Da tafiya ta yi tafiya aka manta da fushin aka tuna da ilmin. Yau duk lokacin jarrabawa ɗalibai ne ke cika wuraren nan biyu. A riƙe wannan labari, domin yana nuna cewa ba dutse da itace kaɗai ke zama wurin ziyara ba, kabarin mutum ma yana zama, kuma albarkar da ake nema a wurinsa takan ɗauki kamar aikin da ya yi yana raye.

Zamanin duwatsu

To, mu komo gida. Mafi daɗewar bayanin da muke da shi a rubuce game da irin wannan tafiya a ƙasar Hausa yana cikin littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908. Littafin ya ce a gindin Dala akwai wata itaciya da aka kewaye da ganuwa, mazaunin Tsumburbura, kuma Barbushe kaɗai ke shiga. Sau biyu a shekara mutane kan taru daga kowace kusurwa, kowa da baƙar dabbarsa, wani kare, wani bunsuru, wani kaza. Barbushe ya shiga, ya fito, ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Manomi kuwa abin da yake son ji daga shekara sananne ne: ruwa zai sauka ko fari za a yi, fara za ta zo ko ba za ta zo ba, maƙiyi zai kawo hari ko za a kwana lafiya. Sarki Tsamiya, a ƙarni na 14, shi ya rushe wannan wuri, sa'an nan a zamanin Yaji (1349–1385) Wangarawa suka iso da littattafai.

Amma rushe ganuwa bai kashe buƙata ba. Littafin nan dai ya ba da labarin Dirki, wani ƙunshi da aka naɗe da fatu ana yanka masa shanu in Kano ta shiga tsanani. Sarki Alwali (1781–1807) ya gaji da ba da shanu, ya sa aka sare shi da gatari, sai ga Alƙur'ani a ciki. A ganina babu wani abu a tarihin Hausa da ya bayyana halin mutanenmu na wancan zamani kamar wannan ƙunshi: Littafin Allah a ciki, fatar yanka a waje.

A Zamfara ma haka abin yake, sai dai namu ba a ba shi alƙalami da wuri kamar na Kano ba. Tarihin baka, wanda Kurt Krieger ya tattara ya buga da Jamusanci a 1959, kuma Garba Nadama ya yi nazarinsa a kundin digirinsa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, ya ce mazaunin Zamfarawa na farko shi ne Dutsi, a ƙasar Zurmi ta yanzu, kuma sarkinsu na farko Dakka. A can ake nuna wasu manya-manyan tuddai ana cewa kushewar sarakunan farko ne, wai samudawa ne maharba. Ko an yarda da zancen samudawa ko ba a yarda ba, abin lura shi ne mutane sun riƙe wurin a ka ɗaruruwan shekaru bayan sarauta ta tashi daga nan ta koma Birnin Zamfara, wajen Isa, bayan Gobirawa sun ci birnin a tsakiyar ƙarni na 18 sun gina Alkalawa, har bayan gidan sarautar ya ƙare a Anka. Jama'a ba ta riƙe wuri haka nan sai tana ganin akwai wani abu nata a ciki.

Wanda ya fi duka suna shi ne Kwatarkwashi, dutsen da matafiyi ke gani a hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Nan ne cibiyar Magiro, dodon da sunansa ya bazu cikin Maguzawan Zamfara da Katsina da Kano. Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina (1981), ya nuna cewa ƙarfin garin a tsohuwar daular Katsina daga wannan matsayi na addini ya samo asali. A da akwai bikin shekara da samari kan hau dutsen su kamo maiki. Ban da irin waɗannan manyan cibiyoyi kuma, kowane gidan Bamaguje yana da nasa ɗan wurin yanka. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya rubuta yadda kowane iska yake da itaciyar da yake so da launin dabbar da yake karɓa, kamar Inna uwar gona don amfanin gona. Rabon aikin da muka gani a Japan ke nan, da yarenmu.

Shehu da kabarinsa

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya san duk wannan da idonsa. A shekarun 1780 ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, ya zauna a Faru, kuma almajiransa sun rubuta cewa ya tarar da mutanen da ko ƙanshin Musulunci bai kai gare su ba. A littattafansa, kamar Ihya'us Sunna da Nurul Albabi, ya soki masu yanka wa itatuwa da duwatsu da masu zuba musu gumba, ya kuma lissafa shafar kabari da ɗibar ƙasarsa cikin bidi'o'i. Yaƙin da ya biyo baya ma a ƙasarmu aka yi wani babban sashe nasa. Alibawan Zurmi sun tsaya wa jama'ar Shehu, a Fafara kusa da Zurmi aka karya rundunar Gobir da mataimakanta a 1806, Muhammadu Namoda yana cikin jagororin da suka ci Alkalawa a 1808, sa'an nan ya yi shahada a yaƙin Kiyawa wajen 1810. Sunansa ne garin Ƙaura ke amsawa har yau.

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, aka binne shi a gidansa. Ba a daɗe ba wannan gida ya zama wurin ziyara mafi girma a duk ƙasar Hausa. Wani zai ce ai nan akwai tufka da warwara, mutumin da ya hana zuwa gindin itace ga shi ana tururuwa zuwa kabarinsa. Ni ban ga haka ba. Shehu Baƙadire ne, ya yarda da waliyyai da karamominsu, ya yarda da ziyarar kabari don tuna lahira da yi wa mamaci addu'a, shi da kansa ya yi waƙoƙin kamun ƙafa da Shaihu Abdulƙadir. Abin da ya hana shi ne yanka da shafa da ɗiba. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ma ya rubuta littafi sukutum, Raulul Jinani, a kan karamomin Shehu. Saboda haka hukumar Sakkwato ba ta toshe ƙofar neman albarka ba, sai dai ta sake mata alƙibla. Talakan da aka hana shi kai baƙin bunsuru Kwatarkwashi an bar masa hanyar kai hatsin sadaka Hubbare.

Babu inda wannan sauyi ya fito fili kamar a sha'anin mata. A Gobir akwai sarautar Inna, 'yar gidan sarki wadda ke shugabantar 'yan bori, kuma wurinta mata ke kai kukan rashin haihuwa da ciwon yara. Bayan jihadi, Nana Asma'u 'yar Shehu (1793–1864) ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru. Daga kowane ƙauye ana zaɓen dattijuwa mai hankali a naɗa ta jaji, ita ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata su tako da ƙafa zuwa wurin Nana, su kawo hatsi da zuma da man shanu da sawaye, su koyi waƙoƙin wa'azi su koma su koyar. Jean Boyd, wadda ta daɗe a Sakkwato tana bin tarihin Nana, ta lura da wani abu mai ban sha'awa: malfar da ake ɗora wa jaji irin wadda Inna ke sawa ce, sai dai Nana ta naɗe tata da jan rawani. Nana ba ta ce wa matan ƙauye su zauna gida su haƙura ba. Ta ba su wata tafiyar, da wata shugabar, ta bar musu malfar da idonsu ya saba da ita. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da karɓarsu, kuma da yake an binne Nana kusa da mahaifinta, zuwa karatu da zuwa ziyara sai suka zama tafiya guda.

Sarakunan da ajali ya tsayar a ƙasarmu

Sakkwatawa suna da wata al'ada ta kiran sarki da sunan garin da ya kwanta. Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, shi ne Mai Wurno. Ahmadu ɗan Atiku, wanda ya rasu a 1866, shi ne Mai Cimmola. Abubakar Atiku kuwa, ɗan Shehu, Sarkin Musulmi bayan Bello, shi ne Mai Katuru, kuma Katurun nan tamu ce, a ƙasar Shinkafi.

Yadda abin ya faru shi ne, bayan an karya Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke a 1836, ragowar Gobirawa suka koma arewa suka kafa Tsibiri a ƙarƙashin Mayaƙi, suna kawo hari daga can. A 1842 Atiku ya ɗaura musu yaƙi, ya sami rauni, a kan hanyar komowa rai ya yi halinsa a Katuru, nan aka yi masa sutura. An san Atiku da tsanani, an ce ya hana kiɗa da wasanni a Sakkwato, an kuma san shi da riƙon asirai da wuridan da mahaifinsa ya ba shi. Ƙauyen da ba don wannan mutuwa ba da ƙila masu tarihi ba su ambace shi ba, ga shi sunansa ya shiga laƙabin Sarkin Musulmi, ya zama wurin da zuriyar Atiku ke waiwaya. Bayan shekara kusan 50 aka maimaita: Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba ya fito da runduna, ajali ya riske shi a Ƙauran Namoda a 1891, kabarinsa yana nan.

Ba haɗari ba ne sarakuna biyu su mutu a wannan ɗan yanki. Ƙasar Zurmi da Ƙaura da Shinkafi ita ce bakin daga tsakanin Sakkwato da Gobir da Maraɗi, ribaɗi ne, sarki ba ya zuwa nan sai da sirdi. Ashe ke nan taswirar hubbarorinmu taswirar yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 ce, kamar yadda taswirar wuraren tsafi take bin duwatsu da ƙoramu da kurmi, watau inda maharbi da manomi suka fara zama. Katsina kuwa tata taswirar ta ilmi ce, domin waliyyanta malamai ne, Ɗan Marina da Ɗan Masani na ƙarni na 17, da Ɗan Takum wanda ya riga su. Almajirin da ya tsaya a kabarin Ɗan Marina yana roƙon Allah buɗin karatu, da yaron Japan da ya rataye allonsa a Dazaifu, aƙidarsu ta yi hannun riga, amma dalilin da ya sa kowannensu ya zaɓi kabarin malami bai zaɓi na jarumi ba ɗaya ne.

Me ake roƙo a hubbarorin nan? Duk wanda ya tashi a ƙauye ya sani. Matar da ta shekara goma ba haihuwa, mai wabi, mai ciwon da asibiti ya gaza, budurwar da aure ya ƙi, falken da jari ya karye. Zamani ya ƙaro nasa, ɗalibi mai jiran sakamako da ɗan siyasa mai jiran zaɓe. Masu ilmi cikinsu sukan yi sallama, su karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, su yi addu'a, su ba da sadaka su fita. Wasu kuwa, in mai tsaron wuri ya kau da kai, sai an ƙulle 'yar ƙasa a bakin zane. Abin da Shehu ya hana da alƙalaminsa ke nan, kuma hanin bai hana ba.

Tun daga 1978, lokacin da Shaihu Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a Jos bisa koyarwar Shaihu Abubakar Gumi, muhawara ta koma kan hubbaren shi kansa, ana tambayar ko kamun ƙafa da mamaci ya halatta. 'Yan ɗariƙa suna da hujjojinsu, har Ƙadirawan Kano suna fita maukibi duk shekara, wanda Shaihu Nasiru Kabara ya assasa, su ziyarci kaburburan waliyyan birni. Wannan hukunci na malamai ne, ɗalibin Hausa ba shi da ta cewa a ciki. Illa dai muhawarar ta jawo wani abu da ya shafe mu. Tsohuwar da a da za ta zauna ta ba ka labarin tafiyarta Hubbare da ƙafa, da zangon da suka yi, da waƙar da jaji ke bayarwa suna amshi, yanzu sai ta dubi jikanta ta yi shiru don kada a ce ta yi shirka. Zancen Magiro kuwa ba a ma tayar da shi.

Japan ma ba ta tsira daga hannun masu gyara ba. A 1868 gwamnati ta raba Shinto da addinin Buddha da ƙarfin doka bayan sun yi fiye da shekara 1,000 a cuɗe, aka farfasa gumaka da yawa. A 1906 ta ba da umurnin haɗe ƙananan ɗakunan bauta na ƙauyuka, dubun dubata suka ɓace tare da kurmin da ke kewaye da su. A 1945, bayan yaƙi, Amurka ta raba addinin da gwamnati. Amma suna da wata dabara a Ise, babban ɗakin bautarsu: duk shekara 20 sai a gina sabo daidai da tsohon a filin da ke gefensa, a rushe tsohon, domin magina tsofaffi su koya wa matasa kafin su mutu. An yi na 62 a 2013, ana shirin na gaba a 2033. Mu namu ginin laka ne da bakin tsofaffi, kuma duka biyun damina ɗaya ta rashin kula ta ishe su.

Yanzu kuma ga abin da ya fi muhawara muni. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna cin karensu babu babbaka a dazuzzukan Zurmi da Shinkafi da Birnin Magaji, har a watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, ta hana cin kasuwannin mako. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Ƙaura zuwa Zurmi sun zama hanyoyin da direba ke tambayar labari kafin ya tayar da mota. Ƙauyuka da yawa sun watse. Dattijon da ya san wace tsamiya ce ba a sara, da wane tudu ne ba a nomawa, da dalilin haka, yana iya kasancewa yau yana zaune a rumfar wani a Ƙaura ko Gusau, ba mai tambayarsa komai sai yaushe zai koma. Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, tafiyar da ke cin makonni ta koma ta kwana ɗaya ko biyu. Yau ɗalibin da ke son ganin tuddan Dutsi ko kabarin Mai Katuru ya fi kakansa mai jaki wahalar isa.

Saboda haka ina ba Ƙungiyar Hausa shawara, kuma ina roƙon malamanmu na sashe su sa mana hannu. Mu da muka fito daga wannan yanki muna da dama a hutun da ke tafe, domin mutanen da ake buƙata sun taso daga ƙauyukansu sun zo inda ake iya samunsu. Wayar da ke aljihun kowa tana ɗaukar magana. A tambayi tsohuwa wa ya kasance jajinsu, ta wace hanya suka bi zuwa Sakkwato ko Wurno, kwana nawa, me suka ɗauka a ƙwarya, wa ya karɓe su a Hubbare. A tambayi dattijo sunan dutsen garinsu da abin da ake kai masa a da, da shekarar da aka daina, da sunan malamin ko hakimin da ya hana. A rubuta sunan ƙauyen da unguwar daidai yadda masu wurin ke faɗa, a ajiye kwafe ɗaya a sashe, ɗaya a hannun iyalin wanda ya yi maganar.